Gurbin Sarkin Dukawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a gurbin Sarkin Dukawan Tanut ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da zuwan Nasara Damargu, ni kuma na ba arba'in baya kaɗan. Ku da kuka tarar da ni tsoho ina yawo kamar mai neman ɓatacciyar akuya, yau ku ji dalili.

Ga yadda tsarin zaurenmu yake a lokacin. Sarki na zaune a ƙurya, shi ke yanka fata da ɗinkin ado. Madaki na damansa, sauran masu basilla na jere har bakin ƙofa. Al'adarmu kuwa Sarki ba ya tashi. Buta kawo masa ake, fura kawo masa ake, in basilla ta faɗi nesa da hannunsa wani ke miƙo masa. Masallaci ma da bangon zauren yake haɗe. Wannan muka sani da girmamawa.

Mutum uku na ji labari sun zauna a gurbin nan kafin ni, na ƙarshe Baba Tanimu da idona na ga ƙarshensa. Ƙafa ta fara kumbura, numfashi ya gajarce, ya koma salla a zaune. Wata rana da hantsi muka yi ta magana bai amsa ba, ashe ya cika, basilla na hannunsa. Sauran biyun ma haka aka ce sun tafi. Mutanen gari suka ce wurin yana da mai shi.

Da aka ɗaga fatar da yake zama a kai, sai ga rami a ƙasa, sumul, da siffar mazaunin mutum da cinyoyinsa. Aka shimfiɗa sabuwar fata aka ce in zauna. Na zauna, ramin ya karɓe ni daidai, kamar da ni aka gwada. Amma daɗin sarauta ya rufe mini ido.

Damina biyu na yi ina jin daɗi, na yi tumbi, na yi wuya. Sai na fara jin wani abu da tsakar rana, lokacin da zaure ya yi tsit ba ka jin komai sai jan zare. Sanyi kan taso daga ƙasa ya kama idon sawuna, ya hau a hankali har gwiwa, kamar hannu. In na so motsawa ƙafar ba tawa ba ce. Wata rana na danna ƙaurina da yatsa, gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba. Na ji wani yana huci kusa da ni irin na Baba Tanimu. Na waiga hagu da dama, sannan na gane ni ne. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na sha rubutu, na yi turare, abin sai gaba yake.

Ana cikin haka wani gardi ya zo daga bariki. Ya ce siradan da muka yi wa gumiye, wato sojan raƙumi, suna yi wa raƙuma miki, kumandan, Nasaran da ke shugabancin barikin, ya ce Sarkin Dukawa da kansa zai riƙa zuwa rijiyar gangare kowace safiya, ya gwada kowane sirdi a bayan raƙuminsa.

Madakina Gambo ya fusata. "Ranka ya daɗe, wannan cin mutunci ne. Ni in je."

Gardi ya ce, "Sarki aka ce, ba Madaki ba."

Ranar farko sau biyar na zauna a hanya. Mata masu ɗebo ruwa suna wuce ni da tuluna suna sunkuyar da kai don kar in ga dariyarsu. Na tsine wa kumandan a zuci har na gaji. A bakin rijiya wani tsohon Ba'abzine mai kiwon raƙuman ya dubi ƙafata ya daɗe, ya ce, "Raƙumin da ya kwana uku a gurfane mu kan tashe shi ko da bulala. In aka bar shi, ƙasa ta riƙe shi ke nan."

Maganar nan ta bi ni har gida.

Wata biyu muka yi a aikin nan. Tun ba a kai rabi ba na daina zama a hanya. Kumburi ya saɓe, barci ya dawo, na koma yin sujada goshina har ƙasa. Hucin nan ban sake jinsa ba.

Ran da aka gama, Gambo ya kaɗe fata ya shimfiɗa, ya ce, "Alhamdu lillahi, wahala ta ƙare. Zauna, Sarki." Na dubi ramin, na ga kamar jirana yake. Na ce a kawo ƙasa a cike shi, a daɓe. Na kuma ce daga yau kowa shi zai ɗebo ruwan alwalarsa daga rijiya, har ni.

Kowa ya bi, ban da Gambo. Ya ce shi ba zai zubar da girman da ya gada ba, ni ma don na sha rana ne kaina ya taɓu. Na ƙyale shi, don mutum ne mai hannu, ɗinkinsa ya fi nawa. Har yau ina jin ciwon ƙyalewar nan.

Na girme shi da shekara shida, amma shi ya riga ni rasuwa, ni na yi masa wanka. Da muka dawo daga maƙabarta na ɗaga fatar zamansa. Ramin yana nan, sumul, a wurin da babu shi a da.

Sana'armu ta zaune ce, kuma mu mutane ne masu son hutar da manyanmu. Da hannunmu muka riƙa miƙa wa Baba Tanimu buta har ya kasa tashi. Don haka kai da ka miƙo hannu tun ɗazu, sakar mini butata. Tashi mu je tare.