Kalebu da Tsohuwar Manhajar Lambu

Duk wanda ya san kasuwar Madarumfa ya san rumfar Kalebu mai gyaran salula. Ɗan garin Safo ne, a Jibiya ya koyo sana'ar, ya dawo da akwatin kayan aiki da bakin da ba ya gajiya. Ranar Lahadi kaɗai ake rasa shi, yana majami'a yana dukan ganga.

Wani furoje ne, wato shirin tallafi, ya fara kawo wa masu lambun bakin tabki manhajar da ke duba hoton ganye ta faɗi cutarsa. Matan lambun ma su suka ɗauki hotunan da aka koyar da ita. Furojen ya ƙare, masu ita suka yi gaba. Sai wani ya zo da sabuwa mai magana da Hausa, wadda ta san har tsutsar da tsohuwar ba ta taɓa gani ba. Kowa ya koma can. Tsohuwar ta rage a salula ɗaya tal, ta Kalebu, domin sababbin wayoyi ba sa karɓarta. Kalebu kuwa, uban taurin kai, ya ƙi rabuwa da ita: yau canjin batir, gobe ɗaurin roba. Ruƙayya, shugabar matan lambu, ba ta wucewa sai ta tsokane shi: "Malam Kalebu, yaushe za a binne gawar nan?"

Washegarin ƙaramar Sallah sai ga Ruƙayya a rumfarsa hankali tashe. Sabuwar ta ce tumatirinta ya kamu da cutar da ba ta da magani, sai tugewa. Lambun nan shi ke ci da gidanta, ga shi har ta tuge fangali guda.

Kalebu ya ce, "Yaya, tsaya tukuna! Mu je a tambayi gawar."

A lambun ta ɗora ganye a tafin hannu, yadda suka saba. Tsohuwar ta ce lafiya lau. Sabuwar ta ce a tuge. Kai, abin haushi! Kalebu ya karɓi ganyen ya riƙe da kansa, sai sabuwar ma ta ce lafiya lau. Suka dubi juna, suka dubi hannunta: jawur da lallen Sallah. Ashe jan lallen sabuwar ta ɗauka cuta. Ita kuwa tsohuwar, a kan hannayen matan nan ta yi karatunta, lalle ba baƙonta ba ne.

Ruƙayya ta yi dariya har da hawaye. Da ta waiwayi fangalin da ta tuge, tumatir ɗanye zube a ƙasa, sai dariyar ta tsaya.

"Malam Kalebu, sauran matan fa? Duk da lallensu suka fito yau!"

Kalebu ya cusa salulolin biyu a aljihu, ya kwasa da gudu a bakin tabki yana ihu: "Kada a tuge! Kada a tuge!"