Kawu Maneji da Bencinan Makaranta

Turancin Kawu kafinta kalma ɗaya ce tak, amma ta riƙe shi shekara talatin. Ya tsince ta a bakin ubangidansa tun yana koyon aiki. In katako ya gaza, sai ubangidan ya ɗaga kafaɗa ya ce, "A yi maneji." Kawu ya fahimci ma'anarta sarai: kada ka sayi sabo muddin akwai waya da tsohuwar ƙusa. Har sunan ya bi shi.

A shagonsa ba a zubar da ƙusa. Lanƙwasasshiya ma miƙe ta yake yi a kan dutse, yana lallashinta. A gida kuwa kujerar baƙi ƙafa uku gare ta, ta huɗun bulo ne.

Sai dai Kawu yana da buri. Yana so kafin ya mutu ya yanka sabon katako mai ƙamshi, ya ƙera abu tun daga farko. Da ya ji makarantar unguwa na neman mai yi mata bencina, ya aika a roƙi hedimasta ya zo ya ga aikinsa.

Matarsa ta ce, "Malam, don Allah ka gyara kujerar nan kafin ya zo."

"Me ya same ta?"

"Bulo ne fa a ƙarƙashinta!"

"To, bulon ya taɓa kai ƙara?"

Amma ya ɗan ji kunya, ya ɗaure bulon a jikin kujerar da waya, ya rufa tsumma a kai.

Hedimasta ya zo, mutum mai jiki. Ya zauna. Kujera ta yi kuka, ta karkata, ba ta faɗi ba. Ya ɗaga tsumman ya leƙa.

"Kawu, shekara nawa tana haka?"

"Sha ɗaya, ranka ya daɗe. Ana maneji."

Hedimasta ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. "Kai nake nema! Da sababbi za mu yi, amma yanzu na ga ba sai mun yi ba. Akwai karyayyu cike da aji guda."

Washegari aka kai Kawu ajin, aka ba shi naɗin waya.

Da ya dawo ya zauna, matarsa ta ajiye masa ruwa a kofin da ya liƙe da kansa, mai ɗiga.

"Sha da sauri, Malam," in ji ta. "Yana maneji."