Ɗakin Takondwa

Asabar ce. Da asuba Takondwa ta riga kowa tashi, ta hura gawayi ta ɗora ruwan shayi. Da hantsi ta zauna a bakin ɗakinta tana duba aikin 'yan ajinta, mahaifinta Bambo Makwinja kuwa yana kan tsani yana sare reshen mangwaron da ke gugar kwano. Ta ɗaga kai ta ce masa in ya faɗo ba asibiti za ta kai shi ba, kafinta za ta kira. Da rana suka ci tuwon masara da ganyen kabewa da busasshen kifi, ta tsince masa ƙaya kamar yadda ta saba tun da idonsa ya yi rauni. Da yamma ta raka uwarta Esnati koyon waƙa a coci, suka dawo suna musu a kan wadda ta ɓata amshi. Bayan faɗuwar rana ta ce kanta na sarawa, ta sha magani ta shiga ta kwanta. Kafin wata Asabar ta zagayo an binne ta.

Makwinja ba ɗan garin ba ne. Aure ya kawo shi, kamar yadda yake kawo maza da yawa nan gindin Dutsen Mulanje, inda miji ke tarewa a filin dangin matarsa. Ya yi aikin awon ganyen shayi a gandu har ya yi ritaya, kuma masu tsinkar ganye sun shaide shi da cewa ba ya tauye ma'auni, ba ya kuma ƙarawa ko da an yi masa kuka. Da albashin nan ya gina gidan, ɗaki bayan ɗaki. Na ƙarshe na Takondwa ne, ya gina mata da ta fara koyarwa. Ita ta roƙi a fasa masa ƙofa ta waje don kada sammakonta ya riƙa tashin tsofaffi.

Fili na dangin Esnati ne, 'ya'ya ma nasu ne, kuma wanta Fosita ke da ta cewa a kansu. Da lokacin raba kayan mamaciya ya yi, Fosita ya zo da matan dangi suka tarar da kwaɗo a ƙofar. Makwinja ya ce ba yanzu ba. Suka koma, suka sake zuwa, amsar ba ta canza ba.

"Suruki," in ji Fosita, "bango dai naka ne, amma yarinyar tamu ce."

"Ban musa ba. Kwaɗon ne nawa."

Haka damina ta wuce a kan ɗakin a kulle.

Da rani ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zagaya sabunta ƙimar gidaje don haraji. Sun zo ranar da ma'auratan ke gona, suka auna daga waje. Suka ga ɗaki da ƙofarsa daban, da labule a taga, da kwaɗo a rataye. A garin nan wannan ba ya nufin komai sai ɗan haya ya tafi aiki. Da sakamako ya fito, gidan Makwinja na cikin gidajen haya, harajinsa kuma ya wuce inda fanshonsa ke iya kaiwa.

Ya sa kwat ɗinsa ya tafi ɗaukaka ƙara. Mutum uku ne a kwamitin, dukansu sun je jana'izar. Ya tsaya ya yi bayani a taƙaice, bai ambaci sunanta ba. Shugaban ya yi masa gaisuwa, ya ce abin mai sauƙi ne, amma ba su da ikon gyara ƙima sai ma'aikaci ya ga cikin ɗakin da idonsa ya auna.

Ya dawo gida ya rataye kwat, ya gaya wa Esnati cewa ya janye, zai biya.

"Da me? Da mangwaro?"

Ya ce zai sayar da akuyoyi, baɗi kuma a ga abin da Allah zai yi. Tana ɓarzar masara a tire, ba ta ɗago ba. Ta ce akuya ba ta dame ta ba, harajin ma bai dame ta ba.

"Baban Takondwa, ni na haife ta. Ka kulle ni a waje tare da su Fosita."

Duk tsawon watannin nan a zatonsa su biyu ne ke tsaron ƙofar. Washegari ya koma ofishin ya ce a turo mai awo.

Mayi Chapola aka turo, ta zo a kan keke da igiyar awo a jaka. Ta jingine keken, ta durƙusa ta gaida Esnati, ta jira. Makwinja ya ciro mabuɗin daga aljihun rigarsa. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa.

Ɗakin na warin sabulu da ƙura. Gado a gyare, Esnati ce ta gyara shi ranar da aka tafi asibiti. Kofi a kife kan kujera. Mayi Chapola ta cire takalmi amma ba ta ƙetare bakin ƙofa ba. Ta miƙa masa kan igiyar.

"Baba, kai ka fi ni sanin awo. Ka kai mini shi bangon can."

Ya taka a hankali har bango, ya danne igiyar da ɗan yatsa, ta karanta ta rubuta. Suka auna faɗi haka nan. Ta ce za a fitar da gidan daga cikin na haya, sai dai ƙimar za ta ɗan ɗara ta da, tunda lokacin tsohon awo ba a gina wannan ɗaki ba. Ya ce wannan gaskiya ne, ɗakin yana nan.

Da ta tafi, Esnati ta shiga ta zauna a gefen gado. Ya bar ta, ya je ya zauna ƙarƙashin mangwaro. Da ta fito ya ce ta aika wa wanta.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Zannuwa suka tafi wurin innoni, kowacce ta riƙe nata a cinya ba ta warware ba. Takalma aka ba wata yarinya 'yar dangin Esnati wadda ƙafarta ba ta kai ba, ta cusa takarda a ciki. Rigar mawaƙa ta koma coci, littattafai suka koma makaranta. Gado da katifa Esnati ta ce a bar su inda suke, ba wanda ya ja da ita. A irin wannan rabo ba a saba sa uba ba, shi ya sa Makwinja ya zauna can gefe. Da aka gama sai Fosita ya taso da wata lema baƙa mai karyayyen ƙarfe ɗaya.

"Suruki, wannan ba mai so. Ka taimake mu da ita."

Ya karɓa da hannu biyu. Da yamma ya nemo waya ya ɗaure ƙarfen, ya buɗe ya rufe ya ga ta zauna. Da ita yake zuwa coci yanzu, ko ana ruwa ko ba a yi.