Waccan ta Konni

Shekara huɗu na yi ina auna halin da yara suke ciki, yaran da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Buron namu, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne a Birnin Konni, bayan wata tashar kabu-kabu, kuma aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in zuba abin da wasu suka rubuto daga ƙauye. Idan rigimar riƙon yaro ta kai gaban alƙalin yara, sai ya nemi mu duba masa gidajen da ke jayayya a kan yaron. Abokan aikina su hau babur su tafi da takardar tambayoyi, su dawo da ita ta sha gumi, ni kuma in mayar da amsoshin maki. Sau nawa yake cin abinci, a ina yake kwana, yana zuwa lakwal, wato makarantar boko, wa ke kai shi likita in zazzaɓi ya kama shi. Kowace tambaya da makinta, daga sifiri zuwa uku. In haɗa, in jera, in rubuta wa alƙali shafi biyu.

Ina alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba. Ni mai saurin fushi ce, kuma babu abin da ke tunzura ni kamar a kawo mini takarda da gurbi a buɗe. Har jandarmar buro suke ce mini a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Nakan ce musu lamba ba ta da dangi, shi ya sa na fi yarda da ita a kan bakin mutum.

Wata shekara aka kawo mana dosiye, wato fayil, na wata yarinya ƴar shekara shida, ƴar makiyaya daga wajen Alela. Ubanta ya rasu. Da uwar ta shiga takaba, sai wan uban, wanda ya daɗe da barin kiwo ya zauna a Malbaza, ya ɗauki yarinyar don a rage wa uwar nauyi. Takaba ta ƙare, uwar ta aika a maido mata ƴarta, baffan ya ce ai ya riga ya sa ta lakwal. Dangi suka kasa, maigari ya kasa, magana ta iso gaban alƙali.

Wadda muka tura sabuwar ma'aikaciya ce, tashin Yamai, mai ƙwazo, ba ta barin gurbi ko ɗaya, shi ya sa nake ji da ita. Ta haɗa uwa da ƴa a tsakar gidan baffan, ta zauna gefe tana kallo, kamar yadda aka koya mata. Shafin ƙarshe na takardar yana tambaya ne a kan shaƙuwa. Uwar ta kira yarinyar da sunanta? Sifiri. Ta dube ta? Sifiri. Ta taɓa ta, ko ta jawo ta jikinta? Sifiri. A gefen shafin ta ƙara da hannunta cewa uwar ta juya wa yarinyar baya tana ta hira da matar baffan, kuma da aka tambaye ta sunan ƴar, sai ta sunkuyar da kai ta ce a tambayi mutanen gidan.

Na karanta, raina ya ɓaci. Na tuna har tsaki na ja, na ce wace irin uwa ce wannan, ta tayar da hankalin mutane a kan ƴar da ko kallonta ba ta yi. Gidan baffan kuwa ga famfo, ga lakwal a bakin hanya. Na rubuta cewa shaƙuwar uwa da ƴa ba ta da ƙarfi. Alƙali ya yanke cewa yarinya ta zauna a Malbaza har a rufe lakwal, sannan a sake zama. Na rufe dosiyen na ɗauko na gaba.

Sai a ƙarshen bazara na gane abin da na yi. Ina haɗa jadawalin shekara ne, dukan yaran da muka duba a shafi guda. Akwai wani layi a takardar da na tsana, wanda ke tambayar yaro na nawa ne a ɗakin uwarsa. Ba shi da maki, ba ya shiga lissafi, har sau biyu na nemi a cire shi. Ranar nan na kai hannu zan ɓoye shi don shafin ya shiga takarda ɗaya, sai na danna inda ba nan ba, kwamfuta ta jera mini yaran bisa wannan layin. Ƴaƴan fari suka taru a sama. Na bi layin shaƙuwa da ido, na ga sifiri, sifiri, ɗaya, sifiri. Daga na biyu zuwa auta kuwa, maki lafiya lau.

Wannan ai kunyar ɗan fari ce, wadda duk wata mace a ƙauyukanmu ta sani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin miji. Wadda ta tashi a Yamai tana da uzuri. Ni ba ni da ko ɗaya, domin ni ma ƴar fari ce.

A Dogarawa aka haife ni. Da aka yaye ni aka kai ni Konni wurin kakata ta wajen uba, mu biyu kawai a ɗan gidanta. Tsohuwa ce mai baki, haƙori ko ɗaya babu, tuwo ma sai an yi mata shi da ruwa-ruwa, ni kuwa ina tsokanarta ina cewa ta ba ni aron haƙoranta in je biki, ita kuma ta bi ni da muciya. A wurinta na san dariya. Idan aka kai ni Dogarawa hutu, innata takan amsa gaisuwata tana kallon tukunya. Ƙannena ta kira su da suna, ta zage su, ta goya su, ta cire musu ƙaya. Ni kuwa "waccan ta Konni" ce. A ba waccan ta Konni ruwa. Waccan ta Konni ta ci? Kuma ba ni take tambaya ba, ƙanwata take tambaya, ina zaune a wurin.

Kowace Laraba, ranar kasuwar Konni, innata takan aiko da ƙulli a hannun masu zuwa cin kasuwa, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a cikin tsumma. Saƙon kullum iri ɗaya ne: a ba mutanen gida. Ina ci ina jin haushi, ina cewa a raina ko ƙullin ma ba a iya cewa nawa ne.

Na san al'ada ce, an faɗa mini tun ina ƙarama. Sanin bai hana ni riƙe ta a zuci ba. Da na girma na fara aiki, sai na rama da irin tawa, ina aika saƙo ina ƙin zuwa. Dogarawa ba nisa, taksi ɗaya ne, amma kullum akwai rahoton da ke jira. Da innata ta kwanta ciwo, ya yi tsanani, aka kira ni, na ce ina zuwa ranar Asabar. Ta rasu ranar Alhamis. Ƙanwata ta ce mini duk wanda ya ɗaga labule sai innarmu ta tambaya ko waccan ta Konni ce. Na ji maganar, na ce a raina har a nan ma ba suna. Shekara biyu ke nan kafin dosiyen yarinyar Alela ya zo hannuna, kuma yanzu na san da wane ido na karanta shi.

Washegarin ranar da na ga jadawalin na roƙi izini na hau taksin Alela, karo na farko da na bi takarda zuwa inda ta fito. An yi ruwan farko, mutane sun duƙufa shuka. Na yi ta tambaya har aka nuna mini uwar a gindin wata bishiyar bedi a bakin kasuwa, tana dama fura. Yarinya ce a kaina, siririya. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta gaya mini cewa ƴan'uwanta sun kora shanu arewa tun da aka fara shuka, ita kuwa ta ƙi bin su, ta zauna a ɗakin aro tana jiran ranar alƙali.

Na gaishe ta, na faɗa mata daga inda nake, ban ɓoye mata cewa ni na rubuta takardar da ta hana ta ƴarta ba. Na shirya wa zagi. Sai ta zuba mini fura a ƙwarya ta miƙo, ta ce, "Madam, kin gan ta?"

Na ce ban gan ta ba.

"To in kin tahi, ki hwaɗa musu waccan ba ta shan hura in ta yi tsami. Kuma in hadari ya taso da tsawa, a aje ta kusa ga mutum. Ba ta cewa tana jin tsoro, shuru takai."

Na ce, "Baiwar Allah, mi ya hana ki hwaɗa ma mai takarda hakanga?"

"Ba ta tambaye ni ba. Suna tat tambaya." Ta ɗago ta dube ni, da ɗan murmushi kamar mai magana da ƙaramin yaro. "Gaban wan mijina in buɗe baki in kira sunan ɗiyar hwari? Haba Madam, ke ba ɗiyar mutane ba ce?"

Na sha furar. Tsohuwar ce ta ƙara mini da cewa duk ranar kasuwa sai uwar ta ɗura man shanu a ƴar kwalba ta ba wani direba ya kai Malbaza. Na tambayi uwar me take cewa a faɗa in an kai. Ta ce, "A ba mutanen gida." Ta ci gaba da dama furarta.

Na koma Konni na rubuta sabon rahoto, shafi biyar, mafi tsawo da na taɓa yi. Na sa jadawalin, na bayyana kuskuren, na ce nawa ne. Na nemi a sake duba sauran ƴaƴan farin da ke saman shafin, aka kuma gyara tambayoyin daga baya. Amma a lokacin, yarinyar nan ɗaya ce a gabana.

Ranar zaman na je da kaina. Alƙalin dattijo ne mai son tsokana. Ya ɗaga takardun biyu ya ce, "Madam, ke kinka rubuta wancan, ke kinka rubuta wanga. Da wanne za ni aiki?" Na ce da na biyun, ranka ya daɗe, na farkon daga kujera na rubuta shi. Ya juya ga baffan ya tambaye shi ko bai san kunyar ɗan fari ba. Mutumin ya ce ya sani sarai, uwarsa ma haka ta yi wa wansu. Ya ga takarda ta bi bayansa ne ya kama bakinsa, don yana tsoron a fitar da ƴar ƙanensa daga lakwal. Ba mugu ba ne, na ga haka a fuskarsa. Uwar ta yi alkawari ta bakin wani ƙaninta da ya rako ta cewa za ta zauna a Alela duk lokacin karatu. Alƙali ya mayar mata da ƴarta.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ga abin da za ta yi, har yanzu da sauran jandarma a jikina. Ba ta rungume ta ba. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta yi wa baffan godiya har ƙasa, ta yi sallama da matarsa, ta ɗora ƙullinta a ka ta kama hanyar tasha. Yarinyar ta bi ta a baya da ƴar jakar lakwal. Matan makiyaya da saurin tafiya aka san su, amma wannan sai na ga tana rage sauri, tana gyara ƙullin da ba abin da ya same shi, har yarinyar ta iso ta kama gefen zanenta. Daga nan ta ci gaba da tafiya a hankali, daidai ƙafar ƴar, fuskarta na gaba. A takardata ta dā, wannan ma sifiri uku ne.

Ban koma buro ba. Ranar Laraba ce, na bi ta cikin kasuwa ba tare da na san abin da nake nema ba, har na tsinci kaina a layin matan Dogarawa, gaban faifan ƙuli-ƙuli. Wata dattijuwa ta gane ni, ta kira ni da sunan da innata ta sa mini, ta ce, "A'a, waccan ta Konni! Ni ka kawo maku ƙulli dā, kin tuna?" Na ce na tuna. Ta ɗebi uku ta sa mini a hannu. Na kai ɗaya baki, ya yi tauri kamar yadda na san shi, sai da na sa turmin haƙori kafin ya fashe.

A nan na tsaya, mutane suna ture ni suna wucewa. Shekara goma sha biyu ƙullin nan yana zuwa, a ba mutanen gida. Mu biyu ne a gidan, kuma kakata ba ta da haƙori ko ɗaya.