Gumbar Arba'in a Cikin Jirgi

Mai ɗakina ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana cikin noma na biyu. Shekara talatin da takwas muna tare a gida ɗaya, a ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir, inda gonar kowa take jingine da ta wani. Ba zan faɗi yadda na ji ba. Zan faɗi abin da ya faru kawai.

Babban ɗanmu yana aikin jinya a wani asibiti a Kanada. Ya yi shekara uku yana neman takardun da za su ba mu izinin komawa wurinsa, ni da ita. Ita ce mai ɗokin tafiyar, don tana da jikoki biyu da ba ta taɓa goyawa ba. Ni ban taɓa so ba. Takardun suka fito, ta kwanta kwana shida, ta tafi. Aka bar ni da izinin zama a ƙasar da ban nema ba, kuma izinin yana da wa'adi, in ya wuce sai a koma farko.

A kwana na huɗu na ciwon ta kira ni ta ce, "Malam, in ta Allah ta kasance, kada a yi min arba'in babu gumba. Kai za ka raba, da hannunka." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce ta dai faɗa.

Tana da dalili. A unguwarmu duk gidan da aka yi rashi, ranar sadakar arba'in ita ce a bakin turmi. Ta jiƙa gero, ta daka shi da sukari da ɗan kayan yaji, ta dunƙula, a fita da shi a raba wa jama'a, kowa ya ci ya ce Allah ya jiƙan mamaci. Ba ta taɓa karɓar ko godiya a kai ba.

Masu ta'aziyya sun zo da yawa, har na yi mamakin yawan masoyanmu. Daga baya na gane. A shafa fatiha, a yi shiru kaɗan don kunya, sai a juya wajen ɗana, wanda ya iso a rana ta biyar, a fara tambayarsa yadda ake samun biza. Wani ɗan baffana, mutum mai furfura, ya matso kusa da ni a kan tabarma ya rage murya.

"Yaya, to yanzu gurbin nata fa? Ba a sa wani?"

Na dube shi. Ya ce ai ba don kansa ba, don yaronsa ne da ya gama sakandare yana zaune. Na ce masa ya je ya tambayi masu kabari ko suna musanye.

Ɗana ya sayi tikiti ta waya, ya zo ya gaya min ranar Asabar ta makon sama za mu tashi. Na ƙidaya da yatsuna. Lahadi ce arba'in.

"Ka ɗaga da kwana biyu," na ce.

"Baba, ba zai yiwu ba. Ranar Talata zan koma aiki, hutuna ya ƙare."

"Arba'in ɗin innarka ce."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ka san malamai sun ce ba ta cikin addini. Addu'a ko'ina aka yi tana isa."

Yaron da ya girma yana lasar turmin gumba ne yake gaya min wannan. Ƙanena kuwa, wanda zan bar wa gida da gona, tuni ya riga ya sanar cewa ba za a yi taro a ƙofar gida ba, don shi yanzu ya san sunna. Bai san ta ba lokacin da ake raba masa waina a arba'in ɗin mahaifinmu har yana neman ƙari.

Ƙanwata ce ta zo daga Makoda ranar Juma'a. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗebi gero a rumbun marigayiya, ta daka a turminta, ta dunƙula ƙanana, ta ƙulla kowace a farar leda, ta jera a cikin kwano mai murfi.

"Yaya, ai jirgin da mutane a ciki ko?"

Na ce an ce sun fi mutanen masallacin Juma'a.

"To shi ke nan. Ka raba musu."

A filin jirgin sama na Kano wani ma'aikaci ya sa na buɗe jakar hannu. Ya ɗaga murfin kwanon, ya duba, ya ɗago ya dube ni. Dattijo ne, da tabon salla a goshi.

"Baba, gumba? Wa aka rasa?"

Na ce mai ɗakina.

"Allahu akbar. Allah ya jiƙanta. A ba ni tawa mana."

Na ce masa sai gobe ne arba'in, yau talatin da tara. Ya yi murmushi ya rufe kwanon da kansa. Ni a lokacin gani nake na kiyaye amana. Ban taɓa yin wauta irin wannan ba, kuma na yi ta ne da cikakken hankalina.

Jirgi na farko ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai na ga gonakinmu ta taga, ƙanana kamar facin riga, kafin gajimare ya rufe su. Muka sauka a wani gari na Larabawa, muka kwana a kan kujeru. Da gari ya waye muka shiga na biyu, wanda aka ce zai yi awa goma sha uku bai sauka ba. Ranar arba'in ta same ni ɗaure da bel a kujera, gwiwata tana dukan bayan kujerar wani.

A ƙauye in an ce wane ya hau jirgi, sai a ɗauka ya shiga wata daraja. Ni na shiga na gani. Motar kasuwar Minjibir ta fi shi mutunci, don a can in ka matse mutum za ka ce masa sannu, shi ma ya tambaye ka mutanen gida. A nan mutum ɗari uku ko fiye, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya toshe kunnensa ya ƙura wa ɗan gilashin talabijin da ke gabansa ido. Aka kawo abinci a rufe, kowa da tirensa, kowa ya ci nasa yana kare shi da gwiwar hannu. Ban ji wanda ya ce wa na kusa da shi bisimilla ba.

Bayan an kwashe tire na jawo jakata daga ƙarƙashin kujera. Ɗana yana damana, wajen hanya. Ya ga kwanon.

"Baba, me za ka yi?"

"Abin da na zo da shi domin sa."

"Don Allah ka bari. Nan ba a haka. Ba a karɓar abinci a hannun wanda ba a sani ba."

"To wadda ta kawo mana tire, ka san ta?"

Can ya ce, "Kuma ka sani, ba za a bar mu mu shiga ƙasar da shi ba. In mun sauka zubarwa za a yi."

Wannan ne ya sa na san ba ni da wani lokaci sai wanda nake ciki.

A haguna, jikin taga, wata Baturiya ce mai kamar shekaruna. Na ɗauki ƙulli ɗaya na miƙa mata da hannu biyu. Ta cire abin kunnenta, ta dubi ledar, ta yi irin murmushin da ake yi wa mahaukaci don kada ya fusata, ta girgiza kai. Na ce wa ɗana ya gaya mata sadakar matata ce. Ya faɗi wani abu gajere da Turanci. Turancina na firamare ne, amma na ji kalmar da ke nufin alewa, ban ji wadda ke nufin mutuwa ba. Ta sake girgiza kai, ta mayar da abin kunnen.

Na ce ya tashi in wuce. Ya tashi ba da son ransa ba.

Na bi layi da kwanona. Wani ya ɗaga tafin hannu bai ko dube ni ba. Wata mai yara biyu ta jawo su jikinta. Wani saurayi baƙar fata ya karɓa, har zuciyata ta yi sanyi, sai ya juya ledar, ya shinshina, ya ɗauki hotonta da waya, ya miƙo min abata yana dariya.

Can gaba na hango hula. Zanna ce mai kyau, a kan wani mai ƙiba da farar shadda. Na yi masa sallama. Ya amsa a ciki-ciki.

"Alhaji, sadaka ce. Yau arba'in ɗin mai ɗakina."

Ya dubi kwanon, ya dubi na kusa da shi, wani Bature, kamar yana ba shi haƙuri a madadina.

"Malam, har yanzu kuna wannan abin? A cikin jirgi?" Ya gyara zama. "Ni ina da ciwon suga."

A gabansa akwai kwalbar lemo da ya sha rabi. Na tsaya kaɗan ko zai yi mata addu'a ko da bai ci ba, tun da addu'a ba ta tayar da suga. Ya mayar da idonsa kan gilashi.

Sai ga ma'aikaciyar jirgi ta zo, ta taɓa kafaɗata, tana magana a hankali tana nuna min baya. Ita ma na miƙa mata. Ta sa hannu a ƙirji, ta ce a'a da ladabi. Ladabinsu yana da yawa. Da shi ta rako ni har kujerata kamar akuyar da ta shiga gonar wani.

Na zauna da kwanon a cinya. Ɗana ya kawar da kai, kunnensa kawai nake gani.

Rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ya nuna la'asar ta gida, ya nuna magariba, ya wuce, amma ta taga hantsi ne tsaye. Ɗana ya taɓa gaya min cewa in ana tafiya yamma haka ake yi, jirgi yana bin rana. Na yi sallolina a zaune da taimama, ban san inda na fuskanta ba. A gida arba'in ɗinta ta wuce babu wanda ya tauna komai. A nan sama kuma an ƙara min ranar, an ja ta, ga mutane fiye da duk waɗanda suka bi gawarta, ga gumba, an rasa baki ɗaya. Na tuna da dattijon nan na Kano da ya roƙa na hana shi.

Aka yi sanarwa. Ɗana ya ce saura awa ɗaya. Na ɗaga murfin, na ji gumbar ta fara tsami, kwana biyu ke nan a leda. Na mayar zan rufe, sai ya riƙe gefen kwanon.

"Baba, ba ni."

"Ba a ba ɗan gida. Sadaka fita take yi."

"Ni ɗin ɗan gida ne?" ya ce. "Kafin wannan zuwan, shekara tara rabona da damina a gida. Da ta kwanta ba na nan. Da aka binne ta ba na nan. Matafiyi ne ni, Baba. Matafiyi yana cin sadaka, wannan kam malamai ba su yi gardama ba."

Na dube shi. Ban san ko fatawar tasa daidai ce ba, har yau ban tambayi kowa ba. Na ɗauki ƙulli ɗaya na sa masa a tafin hannu da hannuna.

Ya kwance ledar da haƙori, yadda yake yi yana yaro. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa. Garin ya zubo masa a kan baƙar rigar sanyin da ya sa tun kafin mu sauka.

"Gwaggo ta cika kanumfari," ya ce. "Inna ba ta sa haka."

"Ba ta sa haka."

Ya cinye, ya miƙo hannu, na ba shi ta biyu. Ita ma ya cinye, da tsaminta. Sannan ya kakkaɓe hannuwansa a hankali ya ɗaga su daidai ƙirji, a gaban Baturiyar da kowa.

"Allah ya jiƙan Inna. Allah ya kai haske kabarinta. Allah ya kai mata ladan."

Na ce amin. Muryata ba ta fita sosai ba, sai na sake faɗa.

Da muka sauka, kafin wajen masu duba kaya, akwai wani babban gwangwanin shara mai hoton 'ya'yan itace da nama a jikinsa. Ɗana ya nuna min. Na juye sauran a ciki da kaina, ban bari ya taɓa ba. Ƙulli goma sha tara. Wani ma'aikaci da ke tsaye ya gyaɗa min kai, alamar na yi abin kirki.

Na goge kwanon da bakin rigata na mayar a jaka, muka shiga layi.