Ranar Da Mutanen Dutse Suka Buɗe Ƙofa

Ɗana Aminu ne ya jawo ni cikin wani wasan yaƙi na kwamfuta, a gidanmu na Kazaure. Kai kana gina garinka, kwamfuta tana riƙe da garuruwan abokan gaba, kowanne da halinsa. Masu jar tuta ba su da haƙuri, tun ba ka zauna ba sun kawo hari. Masu shuɗiyar tuta sai gina ganuwa. Masu koriya su kawo maka kyauta, kana juya baya su ci amanarka. Ban daɗe ba na gane su sarai, ina ta cinye su. Aminu na murna, ni kuwa kewar Iya ce ta kama ni.

Iya kakata ce, a Gwiwa. Muna yara, bayan sallar isha'i mukan zagaye murhu tana gasa mana dankali, amma tatsuniyarta ba ta zama a saurara ba ce, da mu ake yi. Mu ne sarakunan wani gari da rijiyarsa ta ƙafe. Ita kuma ta riƙe maƙwabta: Mutanen Dutse, masu ruwa a bayan ganuwa, da Mutanen Fadama masu daɗin baki.

"To, Maigida," haka take tsokanata, "ƙishirwa na kashe awakinka. Me za ka yi?"

In na ce yaƙi, Mutanen Dutse su mirgino mana duwatsu. In na nemi Fadama, su karɓe shanuna su ba ni ruwan laka. Abin haushi, fuskata take karantawa. Ranar da na zo a fusace, sai Mutanen Fadama su yi ta lallashina har in saki jiki, sannan su yi mini sakiyar da ba ruwa. Yayata Hadiza ta daɗe da haƙura. Ni kam na rantse sai na shiga garin Dutse.

Daminar da ciwo ya kwantar da Iya, a ɗakinta muka yi tatsuniyar, da garwashi a kasko. Dabara ta ƙare mini, na ce zan je kawai in ƙwanƙwasa.

"Ƙwanƙwasa mana," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Ga shi sun buɗe. Shiga ka sha, Maigida, ka gaji."

Na yi tsalle ina ihu. Hadiza ta fita tana share ido, na ɗauka baƙin ciki take don ni na ci. Kafin a yanke gero aka binne Iya.

Jiya na tambayi Aminu, "Masu ganuwar nan, in ka je musu ba makami, suna buɗewa?"

Ya yi dariya. "Baba, ba a tsara su haka ba. Ai ba su san ka ba."

Gaskiyarsa. Shekara da shekaru na ɗauka Iya yaƙi take koya mini. Ashe ƙofar take rufewa don in dawo mata gobe, kuma da ta ga goben ta ƙare, sai ta buɗe mini.