Sunan da Ladan Rabo Ya Kira

Rabo ya girma a Kore Mairuwa da sana'a biyu, noman hatsi da ladanci. Tun yana saurayi yake kiran salla, har gemunsa ya yi fari. Kowace Juma'a shi ke ambaton marasa lafiya a lasifika domin a yi musu addu'a: mai hawan jini, mai karaya, har wanda jaki ya harba. Amma wanda hankalinsa ya taɓu, ko da wasa ba a kawo sunansa. Wai abin kunya ne, sai ka ce shi ya roƙi ciwon.

Rabo bai taɓa damuwa ba sai da abin ya shigo gidansa. 'Yarsa ta fari, Lubabatu, ta haihu, ba a yi arba'in ba ta daina barci, ta kama surutai. Dangin mijinta suka ɗauke jaririyar, Ummu, suka ce in uwar ta warke ta zo ta karɓa. Tsofaffi suka ce iskar doguwa ce, a kira 'yan bori. Samari masu wa'azi suka ce aljani ne, suka yi ta ruƙiyya da bulala. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi, sai ga bakinsu ya zo ɗaya a kan kada a kai ta asibiti. Fiye da shekara tana ɗaure da mari a ɗaki, ƙafa duk gyambo. Abin da takaici.

Da ya gaji, Rabo ya sa ta a mota sai asibitin Dogon Dutsi. Wani ma'aikacin lafiya ya yi masa faɗa kan jinkirin, ya tura su Dosso wurin masu duba ƙwaƙwalwa. Magani ya karɓe ta. Rabo ya dawo yana huci, don ya san gidajen da ake jin ƙarar mari a garin.

Ranar Juma'a ya riƙe lasifika. Saboda kunyar 'yar fari, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Ran nan ya furta.

"Ku yi ma ɗiyata Lubabatu addu'a. Ciwon ƙwaƙwalwa gare ta, kuma magani muka ba ta. Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani. Ku kwance mutanenku ku kai su likita."

Liman ya goyi bayansa, daga baya ma suka zaga masallatan yankinsu na Tibiri suna neman a kawo mai duba irin wannan ciwo kusa da jama'a. Wasu suka kwance nasu. Wasu suka ce tsufa ya rikita ladan.

Da Lubabatu ta murmure, ta yi kitso, ta sayi 'yar riga, uban ya raka ta karɓo Ummu. Surukar ta tare ƙofa. Ta ce da an yi shiru da sun bayar, amma yanzu duk gari ya ji a lasifika, ba za su miƙa jikarsu ga mahaukaciya ba. Wato da ta ruɓe a ɗaure, da mutuncinta bai zube ba ke nan.

Ummu ta fito da 'yar tafiyarta. Lubabatu ta durƙusa ta miƙa hannu. Yarinyar ta dube ta kamar baƙuwa, ta fashe da kuka, ta ruga bayan kakarta.

Lubabatu ta naɗe rigar a hankali.

"Baba, mu tai gida. Lokacin shan maganina ya yi."